Guguwa uku da suka koma ɗaya: nazarin aikin wata ɗalibar fiziks a Sakkwato

Asalin lamarin

Ɗalibar tana karatun digiri na biyu a fannin fiziks a Sakkwato, tana zaune da iyayenta a Mabera. Aikin kammala karatun da malaminta ya ba ta shi ne ta lissafa da kwamfuta yadda maganaɗisu ke shiga wani ɗan faifan alminiyam mai faɗin maikromita 2 kacal (maikromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita) idan an sanyaya shi ƙwarai. Gwaji na zahiri ba ya cikin magana. Alminiyam ba ya shiga halin da ake nema, wato na daina yi wa lantarki turjiya, sai sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 1.2 a ma'aunin Kelvin, wanda ke farawa daga iyakar sanyi, kuma ruwan hiliyam kansa a digiri 4.2 yake tafasa. Kayan aikinta kwamfutar cinya ce guda ɗaya, da manhajar Python, da wasu maƙaloli da malamin ya tura mata.

Abin da ake son lissafawa

A 1911, a birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyam. Da ta kai digiri 4.2, wato kusan digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba da shi, sai turjiyar da take yi wa lantarki ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ya shiga wannan hali shi ake kira sufakwandakta. A 1933 Meissner da Ochsenfeld suka gano cewa irin wannan abu yana korar maganaɗisu daga cikinsa. Ginzburg da Landau suka kafa lissafin da ke bayyana shi a 1950, sannan a 1957 Alexei Abrikosov ya nuna cewa akwai jinsin da ba ya korar maganaɗisun duka. Yana barin sa ya ratsa ta wasu siraran hanyoyi, lantarki na zagaya kowace, tsakiyarta kuma ta koma ƙarfe na yau da kullum. Waɗannan su ne guguwar maganaɗisu.

Kowace guguwa adadi ɗaya na maganaɗisu take ɗauke da shi, weba 2.07 × 10⁻¹⁵ (weba ma'aunin yawan maganaɗisun da ke ratsa wuri ne), ba ƙari ba ragi. A cikin babban abu suna ture juna har su jeru kusurwa uku-uku, kamar yadda Essmann da Träuble suka ɗauki hotonsu a 1967. Wayoyin niyobiyam da titaniyam da ke cikin na'urar MRI ta asibiti cike suke da su, kuma duk hikimar ƙera wayar ita ce a hana guguwar motsi, domin da ta motsa turjiya ta dawo.

Girman tsakiyar guguwa ana auna shi da wani tsawo da ake rubutawa ξ. Ɗalibar ta ɗauki ξ a matsayin nanomita 250, wato rubu'in maikromita, wanda ya dace da siririn alminiyam irin na gwaje-gwajen, don haka daga tsakiyar faifanta zuwa baki ξ huɗu ne. Wuri ne da ba zai ɗauki guguwa masu yawa ba, kuma kowace tana jin bakin faifan kusa da ita. Andre Geim da abokan aikinsa sun auna irin waɗannan faya-fayan alminiyam ɗaya bayan ɗaya a Nijmegen a 1997, suka ga maganaɗisu na shiga tsalle-tsalle. Schweigert da Peeters da Deo a Antwerp suka fitar da taswirar yanayin guguwar a 1998. Abin da aka nema daga ɗalibar shi ne ta sake fitar da wannan taswira da hannunta, sannan ta gwada siffar murabba'i a madadin da'ira.

A lissafin Ginzburg da Landau, kowane wuri a kan faifan yana da 'yar kibiya. Tsawonta yana nuna ƙarfin halin sufakwandakta a wurin, inda ta fuskanta kuma ana kiran sa kusurwarta. A tsakiyar guguwa tsawon kibiyar sifili ne.

Nuwamba zuwa Janairu: hotunan farko

Ta shimfiɗa raga mai murabba'ai a kan faifan, tazarar mahaɗa zuwa mahaɗa rabin ξ, wato gida 16 daga baki zuwa baki. Kwamfuta na matsar da kibiyoyin taku-taku har su daina canzawa, sai a ƙara ƙarfin maganaɗisu kaɗan a sake. Ta ɗauka cewa maganaɗisun daidai yake a ko'ina a kan faifan, abin da ya halatta idan faifan siriri ne sosai.

Cikin hunturu ta fara samun hotuna. Sun yi kyau a ido: shuɗi inda kibiya ta gajarta, ja inda ta yi tsawo. Amma abu biyu ba su yi daidai da maƙalolin ba. Faifan yakan zauna babu guguwa ko ɗaya, sannan huɗu su faɗo lokaci guda, su tsaya daidai da layukan ragar. Kuma dukkansu sukan ɗan karkata gefe ɗaya, alhali faifan da'ira ne, babu gefen da ya fi wani.

Ta ninka yawan takun da kwamfuta ke yi, ba abin da ya sauya. Ta rage yadda take ƙara maganaɗisun, tana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Huɗun suka ci gaba da shigowa tare.

Fabrairu: gyara biyu, da lissafin da ya fashe

Malamin ya fara da karkatar. Maganaɗisu ba ya shiga lissafin kai tsaye, yana shiga ne ta wani adadi da ake rubutawa A. Ana iya rubuta A ta hanyoyi da dama su ba da maganaɗisu iri ɗaya, kuma duk abin da ake iya aunawa bai kamata ya san wace hanya aka bi ba. Ya ce ta rubuta shi ta hanya biyu, ɗaya mai bin layi miƙaƙƙe, ɗaya mai zagaya tsakiya, ta kwatanta. Hotunan suka bambanta. Wannan ya tabbatar da cewa yadda ta yanka lissafin a kan raga ne ya karya ƙa'idar.

Maganin sananne ne. Maimakon a ajiye A a kan mahaɗan ragar, sai a ajiye shi a kan zaren da ke haɗa mahaɗa biyu, a matsayin ɗan juyin da kibiya za ta yi idan ta tashi daga wannan zuwa waccan. Dabarar ta samo asali daga aikin Kenneth Wilson na 1974, masu nazarin sufakwandakta kuma suka rungume ta a shekarun 1990. Da ta sake rubuta manhajar haka, hanyoyin biyu suka ba da hoto guda, karkatar ta tafi.

Shigowar huɗu tare ba ta tafi ba. Dalilin yana bakin faifan. Da'irar da aka zana da murabba'ai 16 ba da'ira ba ce, bakinta matakala ne, kuma matakalar iri ɗaya ce sak a ɓangarori huɗu. Duk abin da ya sa guguwa ta shiga ta gabas zai sa wata ta shiga ta yamma da kudu da arewa a daidai wannan taku, tunda lissafin ba shi da dalilin fifita wani ɓangare.

Sai ta rage tazarar ragar zuwa kashi ɗaya cikin goma na ξ, gida 80 daga baki zuwa baki. Cikin 'yan daƙiƙu lambobin suka yi ta kumbura har kwamfuta ta daina ba da lamba. Ta manta da takun lokaci, wato girman kowane takun da kwamfuta ke matsar da kibiyoyin. A irin hanyar da take bi, takun ba zai wuce tazarar raga sau kanta a raba huɗu ba. Da rabin ξ iyakar ita ce 0.0625. Da sabuwar ragar ta koma 0.0025. Mahaɗai sun ninku sau 25, taku ya ƙanƙance sau 25, aikin kwamfuta ya ninku sau 625.

Maris da Afrilu: zafi, da guguwar da ta "ɓace"

Wannan nauyi ya faɗo daidai lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Kwamfutar takan ɗauki zafi ta mutu da kanta da rana, ko a ɗauke wuta batir ya ƙare lissafi na tsaka, a koma farko. Gyaran nan bai da wata hikima mai zurfi amma shi ya ceci aikin. Ta sa manhajar ta riƙa ajiye inda ta kai a kai a kai, yadda za ta ci gaba daga nan. Ta daina bin mahaɗai ɗaya-ɗaya, ta koma lissafa ragar duka a dunƙule da NumPy, wani kayan lissafi na Python. Ta mayar da aiki bayan sallar isha'i, a shagon wani yayanta mai sola. Ta kuma zuba 'yar hargitsi a kan kibiyoyin duk lokacin da ta canza maganaɗisu, ƙanƙanuwa ƙwarai, don kawai wani ɓangaren baki ya riga sauran.

Daga nan guguwa suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka tsaya suna fuskantar juna, uku suka yi kusurwa uku. A kan ukun ne babbar matsalar ta taso.

Tana ƙara maganaɗisu, sai ramukan shuɗin uku suka riƙa matsowa tsakiya, suka taɓa juna, suka zama rami ɗaya mai faɗi. A ƙirgarta, guguwa sun sauka daga 3 zuwa 1 alhali maganaɗisu ƙaruwa yake yi. Da ta ƙara gaba, ramin ya ci gaba da faɗaɗa har ya rage zobe ja kawai a bakin faifan, kuma zoben ya ƙi mutuwa ko bayan an wuce ƙarfin maganaɗisun da ke kashe babban sufakwandakta, wanda a ma'auninta kusan militesla 5 ne (militesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne).

Ta yanke cewa kuskure ne ya rage a manhaja. Ta cire hargitsin, ramin ɗaya ya dawo. Ta ƙara rage takun lokaci, ta sake rubuta sharaɗin bakin faifai, ta bi layukan manhajar ɗaya-ɗaya. Har tsohuwar ragar ta koma, wadda ramukan ba sa haɗewa da kyau a kanta saboda kaushinta, ta fara tunanin ko waccan ce mai gaskiya. Mafi yawan watan Afrilu a nan ya tafi, kuma ba ta kai wa malamin hotunan ba, tana son sai ta gyara tukuna.

Mayu: ƙirga zagaye

Da ta kai masa, ya daɗe yana kallon hoton ramin ɗaya.

"Ɗiyata, mi kinka ƙirga, ramuka ko zagaye?"

"Ramuka, Malam."

"To wanga hoto tsawon kibiya kawai ya nuna miki. Koma ki zano mini kusurwarta."

Abin da ke sa guguwa ta zama guguwa ba ramin ba ne. Idan mutum ya bi bakin faifan ya zagayo inda ya fara, yana lura da inda kibiya ke fuskanta, dole ta dawo yadda take, don haka juyin da ta yi a hanya cikakke ne: babu, ko sau ɗaya, ko biyu, ko uku. Wannan lamba ita ce yawan guguwar da ke ciki, kuma ba ta da rabi. Ɗalibar ta rubuta 'yan layuka da ke tara bambancin kusurwa daga mahaɗa zuwa mahaɗa a kewayen baki. Kafin ramukan su haɗe amsar 3 ce. Bayan sun haɗe amsar 3 ce.

Babu guguwar da ta fita. Lantarkin da ke zagaya bakin faifan don kare shi daga maganaɗisu yana tura guguwa ciki, su kuma suna ture juna waje. Idan maganaɗisu ya ƙaru turin baki yakan rinjaya, kuma a faifai mai ξ huɗu babu filin da za su ja da baya. Sai tsakiyoyinsu su narke su zama ɗaya, kibiya na juyawa sau uku a kewayenta. Ita ce ƙatuwar guguwa, wadda ake maganarta tun shekarun 1960, kuma tana cikin maƙalar Antwerp da ɗalibar ta karanta tun Nuwamba. Kanda da abokan aikinsa a Tsukuba ta Japan sun kawo shaidar gwaji a kanta a 2004, a 2011 kuma masu bincike a Paris suka ɗauki hoton haɗewar a kan ƙananan ɗigogin ƙarfen dalma. Zoben bakin ma ba kuskure ba ne. Saint-James da de Gennes sun nuna a 1963 cewa fatar sufakwandakta na jure maganaɗisu har ninki 1.69 na abin da cikinsa ke jurewa.

Malamin bai tsaya nan ba. Ya ce tunda ƙatuwar guguwa iri ɗaya ce ta kowane ɓangare, ba a bukatar raga mai faɗi don lissafa ta. Layi ɗaya daga tsakiya zuwa baki ya isa, a faɗa wa lissafin yawan zagayen tun farko. Wannan ƙaramar manhaja tana gamawa cikin daƙiƙu, ko a kan batir. Kuma akwai amsar da aka riga aka sani da za a gwada ta da ita: a kan iyakar da halin sufakwandakta ke fara bayyana, faifai na sauyawa daga babu guguwa zuwa guguwa ɗaya ne idan maganaɗisun da ke ratsa faɗinsa ya kai ninki 1.92 na abin da guguwa ɗaya ke ɗauka, kuma faifan da bai kai kusan ξ 1.3 daga tsakiya zuwa baki ba, guguwa ba ta zama a cikinsa sam. Ƙaramar manhajar ta ba da duka biyun. Daga nan ta zama ma'aunin babbar: duk inda babbar ta nuna rami ɗaya, makamashin da ta lissafa dole ya yi daidai da na ƙaramar. Ya yi, da ɗan bambancin da ke raguwa idan an ƙara matse raga.

Yuni da Yuli: hawa daban, sauka daban

Damina ta sauka, kwamfuta ta samu sauƙi, sai wata tambaya ta fito. Idan ta taso daga sifili tana ƙara maganaɗisu, a wani ƙarfi takan sami guguwa 2. Idan ta sauko daga sama zuwa wannan ƙarfin dai, sai ta sami 4. Ta kawo shawarar a ɗauki tsakiya. Malamin ya nuna mata wani wuri a jadawalinta inda hawa ya ba da 2 sauka ta ba da 3, ya tambaye ta yadda za ta rubuta guguwa biyu da rabi.

Wannan karon ba ta nemi kuskure a manhaja ba, ta koma maƙaloli. Bean da Livingston sun bayyana abin tun 1964. A bakin sufakwandakta akwai shinge na makamashi, kamar dokin ƙofa mai tudu: wanda ke waje sai an ƙara tura shi kafin ya tsallako, wanda ke ciki ma ba ya fita da zarar ya so. Don haka a ƙarfin maganaɗisu ɗaya faifan na iya zama a yanayi da dama, ya danganta da hanyar da aka biyo. Ɗaya ne kawai mafi ƙarancin makamashi, sauran zaman wucin gadi ne, amma wucin gadin da zai iya daɗewa matuƙar ba a taɓa shi ba. Ƙungiyar Geim ta ga haka a gwaji, har a 1998 ta ba da rahoton cewa faifan da ya riƙe guguwa fiye da kima yayin saukowa yakan koma jan maganaɗisu maimakon korar sa.

Hanyar da ta yi aiki ita ce ta daina tambayar guguwa nawa ne a wannan ƙarfi. Ta ɗauki kowane adadi shi kaɗai, ta dasa shi a faifan, ta bi shi sama har wata ta shigo, ta bi shi ƙasa har ɗaya ta fita, tana rubuta makamashi a kowane mataki. Kowane adadi ya ba da lanƙwasasshen layinsa. Inda layuka biyu suka gitta juna nan ne yanayi mafi ƙarancin makamashi ke sauyawa, ƙarshen kowane layi kuma nan ne tsallen da ake gani a gwaji ke faruwa. Ta yi alama a kan kowane layi inda ramuka ke haɗewa. Taswirar ta fito da siffar ta Antwerp.

Ta kuma gwada faifai mafi girma sau ɗaya. Har guguwa 5 zobe ɗaya suke yi, ta shida kuma ta zauna tsakiya, tsarin da Grigorieva da abokan aikinta suka gani a faya-fayan niyobiyam a 2006.

Agusta: murabba'in da bai samu ba

Kashi na biyu na aikin shi ne murabba'i. A 2000 Chibotaru da abokansa a Leuven ta Beljiyam sun yi hasashen cewa murabba'i mai zagaye 3 zai iya fin son guguwa huɗu, ɗaya ta fuskar kowace kusurwa, da wata a tsakiya mai juyawa ta baya, huɗu a cire ɗaya ya ba da uku. Ɗalibar ta so ta gani. Ba ta samu ba. Biyar ɗin a cunkushe suke a wuri ƙanƙane inda kibiyoyi suka riga suka kusa sifili, kuma ragarta ba ta kai ta rarrabe su ba. Matse ragar sau biyu kawai na nufin ninka aiki sau 16. Ta rubuta a kundinta cewa ta sami zagaye 3 a murabba'in amma ba ta iya tantance tsarin cikinsa ba, ta kawo adadin ragar da ta yi amfani da shi. An karɓi kundin a haka.

Yadda nake ganin lamarin

Matsalolin da ta ci karo da su iri biyu ne, kuma a kan allo kamanninsu ɗaya. Karkatar guguwa, shigowar huɗu tare da fashewar lambobi duk daga raga suke. Haɗewar ramuka, zoben baki da bambancin hawa da sauka kuwa halin faifan ne na gaskiya. Na farkon, kowanne ya warware cikin ɗan lokaci da zarar an gwada shi da abin da aka san bai kamata ya canza ba. Wata guda da ya salwanta ya tafi ne wajen gyara manhajar da ke faɗin gaskiya, kuma saura kaɗan ta koma wa raga mai kaushi don kawai hotonta ya fi kama da abin da take tsammani.

Ina ganin ba ita kaɗai ke da alhakin wannan ba. Ƙirga zagaye layuka kaɗan ne, ƙaramar manhajar layi ɗaya kuma aikin mako guda ce. Da malamin ya sa ta fara da su a Nuwamba, da ta shiga babban lissafin tana da lambar 1.92 a hannu da hanyar ƙirga guguwa wadda ba ta dogara da launi ba. Ya san duka biyun, ya bari sai da matsala ta taso. Ita kuma ɓoye hotunan da ta yi a Afrilu don kunyar kai aikin da take ganin ya lalace shi ya fi komai tsada, kuma wannan ɗabi'a ce da na sha gani ga ɗalibanmu masu ƙoƙari, ba ragwaye ba.

Abin da na fi yaba mata shi ne babin murabba'i. Da sauƙi ta zana abin da maƙalar Leuven ta ce a gani ta yi shiru, amma ta rubuta iyakar abin da ragarta ta nuna.

Akwai gibin da ya rage. Ɗaukar da ta yi cewa maganaɗisu daidai yake ko'ina ya sa taswirarta ta dace da siririn faifai kawai. Faya-fayan Nijmegen suna da kaurin da ke lanƙwasa maganaɗisu a kewayensu, yana taruwa a baki fiye da yadda aka zuba shi, kuma wannan na matsar da wuraren tsallen. Kafin a ɗora lambobinta a kan na gwajin kai tsaye, sai an lissafa maganaɗisun a sarari mai tsawo da faɗi da zurfi a kewayen faifan, aikin da kwamfutarta ba za ta ɗauka ba. Malamin ya ajiye shi ga ɗalibin da zai biyo baya, tare da manhajojinta biyu.